Kotar shafa emolshan: wacce zan saya, kuma da me ake wanke ta?

Tambaya: Assalamu alaikum maigida. Ina buga rigunan makaranta da na 'yan ƙwallo da sikirin, wato ragar da aka ja a kan firam, kuma da sikwiji, robar jan tawada, nake shafa emolshan, maganin da ake shafa wa raga a haska shi zane ya fito. Kwanan nan wani ya ara mini tsohuwar kota, ɗan kwamin nan na shafa emolshan, amma duk sikirin ɗin da na shafa da ita sai layi ya fito masa tun daga ƙasa har sama. Ga emolshan ya bushe a lungunanta ya ƙi fita. Ina so in sayi tawa. Wacce iri zan nema, kuma da me ake wanke ta?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Bari mu fara da layin nan, domin shi zai nuna maka abin da za ka duba ranar saye. Layin da ya miƙe sak daga ƙasa zuwa sama, mafi yawan lokuta daga bakin kota yake. Ko dai bakin ya taɓa buguwa ya yi 'yar tsaga, ko kuma wani ɓarɓashin busasshen emolshan ya manne a kansa. Idan tsaga ce, emolshan zai riƙa zurarewa ta wurin, layin ya fito da kauri da duhu. Idan ɓarɓashi ne ko ɗan tsinin ƙarfe da ya taso, zai riƙa kankare emolshan ɗin, layin ya fito da haske, wani lokaci ma ya ja zaren raga ya tsinke shi. Ka wanke bakin, ka bi shi da farce a hankali daga wannan kai zuwa wancan. Abin da ido bai gani ba farce zai ji shi. Idan kana so ka tabbata, ka shafa wani sikirin ɗin amma ka gusa da kotar kaɗan zuwa dama. In layin ya bi ta ya gusa, laifinta ne. In ya tsaya a inda yake, ka duba ragar, wataƙila tsohuwar tawada ce ta maƙale ko zare ya yi rauni.

Shawarar da ka yanke ta barin sikwiji daidai ce, kuma ina so ka san dalili. Robar sikwiji tana lanƙwasa. Inda hannunka ya fi danna ta emolshan zai yi siriri, inda ka sassauta ya yi kauri, ga shi ba ta riƙe emolshan sai ka yi ta ƙarawa kana bi kana komawa. Shi kuwa lokacin haskawa, wato tsawon lokacin da ake ba sikirin haske don emolshan ya kama, da kauri yake tafiya. Sikirin ɗaya mai kauri iri biyu ba shi da lokaci ɗaya da zai dace da shi. Ka ba shi haske daidai da wurin siriri, wurin kauri bai nuna ba, ruwa na taɓa shi ya yi santsi ya saɓule. Ka ƙara lokaci don wurin kauri, sai ƙananan rubutu su toshe a wurin siriri. Masu koyo da yawa sukan ɗora laifin a kan fitila ko rana ko emolshan ɗin kansa, su yi ta sauye-sauye suna asarar kuɗi, alhali tun wurin shafe aikin ya lalace. Kota ɗan kwami ne na alminiyam mai miƙaƙƙen baki da ba ya lanƙwasa, tana riƙe emolshan a cikinta tana sakinsa daidai wa daida. Darajarta duka a bakin nan take. Sauran jikinta marikin emolshan ne kawai.

Abu na farko wajen saye shi ne faɗi, kuma cikin firam za ka auna, ba bayansa ba. Dole kota ta shige cikin firam ta bar fili a kowane gefe, kimanin inci 1, wato santimita 2 da rabi. Idan ta yi faɗi har kawunanta suka hau kan firam, ko kan gam ɗin da ya riƙe raga, bakinta ba zai zauna a kan raga ba. Emolshan zai kwarara ta ƙarƙashi ya yi tuli, yana bushewa yana ɗiga. Ta ɗaya ɓangaren kuma dole ta fi zanenka faɗi da aƙalla inci 1 a kowane gefe, don gefen shafe ba ya taɓa yin kyau kamar tsakiyarsa. Firam ɗin alminiyam mai inci 20 da 24, wanda shi ne aka fi buga riga da shi, cikinsa kusan inci 17 da 21 ne, don haka kota mai inci 15 ko 16 ake haɗa shi da ita. Mai inci 23 da 31 kuwa kan ɗauki ta inci 18 ko 19. Ka tafi da tef ɗin awo ka auna kotar da kanka har da murafan gefe da ke toshe kawunanta biyu, domin wasu masu sayarwa tsawon ƙarfen kaɗai suke faɗa, murafan kuma suna ƙara mata faɗi.

Kada ka ce za ka sayi ƙarama ɗaya ka riƙa ja sau biyu gefe da gefe a kan babban firam. Inda ja biyun suka haɗu zai yi kauri ninki biyu, kuma galibi a tsakiyar zane yake faɗowa. Idan firam ɗinka iri biyu ne, kota biyu kake bukata. Idan kuɗin ɗaya ke hannu, ka sayi ta firam ɗin da ka fi aiki da shi.

Ga wanda firam ɗinsa na katako ne, wanda aka ja ragarsa da hannu aka buga mata fil, ina ba da shawarar ya ƙara barin fili a gefe. Irin wannan raga takan yi tauri kusa da katako ta saki a tsakiya, sai kawunan kota su danne sosai tsakiyarta kuwa tana lilo. Kota mafi tsada ma ba za ta gyara sakakkiyar raga ba. In ka danna tsakiyar sikirin da yatsa ka ji ya lotsa ba wuya, ka sake jan ragar kafin ka zargi kowa.

Na biyu shi ne siffar baki. Yawancin kotocin da ake sayarwa baki biyu gare su, ɗaya siriri, ɗaya mai ɗan kauri da aka zagaye shi. Siririn yana barin emolshan kaɗan a kan raga. Zagayayyen yana tura emolshan da yawa cikin ramukan raga ya bar shafe mai kauri. Ka nemi mai baki biyu, ka huta. Zaɓin bakin da za ka yi aiki da shi ya danganta da ragarka. Raga mai lamba 43T, wato zare 43 a kowace santimita, ita ce Amurkawa ke kira 110 saboda su da inci suke ƙirge. Ramukanta manya ne, da ita ake buga farar tawada a kan baƙar riga da manyan lambobin rigar ƙwallo, kuma tana son zagayayyen baki don a samu kaurin da zai riƙe tawada. 62T tana tsaka-tsaki, kowane baki na yi mata. 90T da 120T, waɗanda suke daidai da 230 da 305, na ƙananan rubutu ne da ɗige-ɗigen hoto. Su siririn baki ya fi dacewa da su, don idan shafe ya yi kauri ƙananan ramukan zanen ba za su buɗe da kyau ba, tawada kuma ta ƙi sauka. Tambarin makaranta mai ɗan rubutu a zagaye, irin wanda nake jin kana yawan bugawa, nan ya faɗa.

Da ka riƙe kota a shago, kada ka ji nauyin mai shago, ka bincike ta. Ka cire robar da ke rufe bakin, ka ɗora bakin a kan gilashin kanta, ka sunkuya ka duba ko haske na ratsawa ta ƙarƙashi. In yana ratsawa a tsakiya ko a kai ɗaya, ta karkace, ka ajiye ta. Ka bi bakunan biyu da farce. Ka matsa jikinta da hannu, wadda ta yi laushi za ta lanƙwasa ranar da ka danna ta a kan babban firam. Sannan murafan gefe: ka zaɓi waɗanda ake cirewa a mayar, amma masu kamawa gam. Idan da hali ka zuba mata ruwa ka gani ko tana yoyo. Wadda aka like murafanta har abada ba ta yoyo, sai dai wanke lungunta aiki ne, kuma ka riga ka ga abin da lungu ke tarawa. Akwai ta roba zalla mai araha, tana yi wa mai gwaji, amma bakinta ba ya daɗewa. Akwai ta baƙin ƙarfe mara tsatsa, mai nauyi da tsada, wadda manyan kamfanoni suka fi amfani da ita. Mai shago irin naka, ta alminiyam ta ishe shi shekaru.

Na san wasu sukan kai wa masu haɗa tagogin alminiyam su yanko musu guntu su naɗe shi ya zama kota. Ban raina dabarar ba, wani lokaci ita ce mafita. Amma bakin da aka yanka da zarto ko injin yanka yana da kaifi da ƙananan haƙora, kuma ragar da zai tsarga ta fi kotar tsada. Wanda zai bi wannan hanya sai ya goge bakin ya yi sumul, ya gwada shi a kan gilashi, ya fara jarraba shi a kan tsohon sikirin.

Ko da sabuwa fil, hannu na iya kawo layi, don haka ga yadda ake ja a taƙaice. Ka zuba emolshan kusan rabin kota. Ka jingina firam a tsaye ya ɗan kishingiɗa, a kan abin da ba zai zame ba. Ka ɗora baki a ƙasan raga, ka karkata kotar har emolshan ya taɓa raga daga kai zuwa kai, sannan ka ja sama a hankali da dannawa iri ɗaya, ba tsayawa. Za ka ji ɗan sautin ƙarfe yana bin zare, in ba ka ji ba dannawarka ta yi kaɗan. A sama ka tsaya, ka mayar da kotar baya emolshan ya koma ciki, sannan ka ɗage. Ana farawa da gefen da ke taɓa riga, a ƙare da gefen sikwiji, saboda jan ƙarshe shi ke tura emolshan zuwa gefen riga inda ake son kaurin. A shanya a kwance, gefen riga yana kallon ƙasa. Sauri shi ke kawo kumfa, kumfa kuma ta zama ƙananan huji.

Yanzu wanki, kuma a nan na fi so ka tsaya da kyau, don kotocin da na ga sun lalace, wanki ne ya kashe mafi yawansu, ko rashinsa ko muguntarsa.

Emolshan ɗanye ruwa kaɗai ke wanke shi. An yi shi ne don ya narke a ruwa matuƙar haske bai taɓa shi ba, shi ya sa zane ke buɗewa idan ka fesa wa sikirin ruwa. Saboda haka lokacin wanke kota shi ne da zarar ka shafa sikirin na ƙarshe ka sa shi a ma'ajiyar bushewa. Ba bayan ka amsa waya ba, ba bayan cin abinci ba. Da hunturu, lokacin da iska ta bushe ƙarau, 'yan mintuna kaɗan sun isa bakin kota ya yi ɓawo. Ko a tsakanin sikirin da sikirin, ka riƙe ɗan tsumma mai laima mara zare ka share bakin kafin ka sake ja, in ba haka ba ɓawon jan farko shi zai zana layi a na biyu.

Ka fara da mayar da ragowar emolshan. Ka cire murfi ɗaya, ko ka karkata ta kusurwa, ka tura shi cikin gwangwani da katin roba mai laushi. Tsohon katin waya ko na banki ya isa. Kada cokali ko wuƙa su shiga kota. Idan ka daɗe kana shafe a ɗaki mai ƙura, ko ka ga ɓawo na yawo a ciki, ka tace shi da guntun raga mai tsabta kafin ya koma, ko ka zuba shi a wani ɗan gwangwani dabam. Emolshan cokali biyu bai kai ya gurɓata maka kilo guda ba. Ka rufe gwangwanin nan take.

Sai ka cire murafan biyu ka kai komai wurin ruwa. Ruwan sanyi ko mai ɗan ɗumi, ban da mai zafi, domin zafi na taurara emolshan, musamman mai garin diyazo, sinadarin da ake haɗa masa don haske ya kama shi. Ka yi wankin a ƙarƙashin fitila ruwan ɗorawa ko a inuwa sosai. Wanda ya fito da kota tsakar gida da rana tsaka don ya wanke a bakin rijiya, ya haska emolshan ɗin da hannunsa, kafin ya ɗebo ruwa abin da ke bakin ya fara kamawa. Soso mai laushi za ka sa, kana bin tsawon bakin. Tsohon buroshin haƙori shi ne maganin lunguna da ramin da murfi ke shiga. Ka duba bayan bakin ma, wurin da emolshan ke gangarowa a ɓoye, nan aka fi mantawa. Ka ɗauraye, ka share da tsumma mai tsabta, ka bar ta ta bushe kafin ka mayar da murafai. Ɗigon ruwan da ya kwana a lungu, gobe zai gauraya da emolshan ya bar tabo mai haske a sikirin.

Soson ƙarfe na wanke tukunya, da toka, da yashi, duk ka nisanta su da ita. Alminiyam ƙarfe ne mai laushi, kowane karce kuma mazaunin emolshan ne a gaba. Ka riƙe bakin nan yadda wanzami ke riƙe askarsa: ba ya kankare komai da ita, ba ya ajiye ta a ƙasa, ba ya jefa ta cikin tarkace.

To idan ya riga ya bushe fa, kamar na hannunka? Ya danganta da ko haske ya taɓa shi. Wanda ya bushe a duhu, ka jiƙa kotar a ruwa mai ɗan ɗumi na ɗan lokaci, zai kumbura ya yi laushi, soso ya ɗauke shi. Wanda ya kwana biyu a fili ya sha haske, ruwa ba zai yi masa komai ba, sai maganin cire emolshan, wanda dai kake wanke sikirin da shi. Sinadarin da ke cikin yawancinsu shi ne sodiyam metafariyodet, ana sayar da shi gari ko ruwa, a tsarma shi yadda aka rubuta a jikin robar. Ka jiƙa wurin, ka shafa maganin da buroshi, ka ba shi minti 1 zuwa 2 kana gogawa, ka ɗauraye da ruwa mai yawa. In bai fita duka ba ka maimaita. Abin da ba a yi shi ne barin maganin ya bushe a kai. Idan ya bushe, emolshan ɗin zai ƙara kamawa fiye da da, a kan kota ko a kan raga, har ya gagari maganin kansa. Ka sa safar hannu, ka kiyaye idonka.

Abubuwa uku nake roƙonka ka bari. Tina da fetur ba sa narkar da emolshan, sukan ma ƙara daskarar da shi, ga shi suna cin murafan roba su sa su sassauta. Bilic yana cire wasu nau'o'in emolshan, shi ya sa ake yawan ɗaukarsa, amma yana cin alminiyam, kotar da aka saba jiƙawa a cikinsa bakinta kan yi ƙananan ramuka. Mafi muni ita ce soda mai ƙuna, irin ta yin sabulu, da kuma man cire inuwar tsohon zane daga raga, wanda galibi akwai irin wannan soda a cikinsa. Tana narkar da alminiyam kai tsaye, za ka ga yana tafasa yana baƙi, iskar da ke tashi kuma haidirojin ce mai kama wuta. Kada kota ta kusanci wurin da ake wannan aiki.

Ƙaramar tsaga tana gyaruwa. Ka samo samfefa mai laushi ta ruwa, lamba 400, ka ƙare da 600 ko sama. Ka naɗe ta a kan ɗan katako mai lebur, ka jiƙa, ka riƙa bin tsawon bakin gaba ɗaya daga kai zuwa kai. Kada ka tsaya kana cin wurin tsagar kaɗai, za ka maye ta da kwari mai faɗi, layin siriri ya koma layi mai faɗi. Ka riƙa gwadawa da farce da gilashi, in ka gama ka wanke garin ƙarfen tas. Tsagar da ta yi zurfi, ko kotar da ta faɗi ta karkace, ba ta da gyaran da zai biya wahala. Idan tsagar tana kusa da kai, ana iya yanke wannan ɓangaren a mayar da murfi, ta zama kotar ƙaramin firam.

Ajiya ba ta da wuya. Robar da ta zo a kan baki ba shara ba ce, ka riƙa mayar da ita kullum bayan wanki. In ta ɓata, ka tsaga siririn tiyo a tsaye ka sa. Ka ware mata wuri a kan wata kanta inda ba ta gogayya da almakashi da sikwiji, bakinta ba ya taɓa komai, kuma a rufe, ko a cikin leda mai tsabta. Da hunturu ko a rufe take ka share ta da tsumma mai laima kafin ka zuba emolshan, don ƙurar da ta kwanta a cikinta ita ce hujin da za ka zauna kana toshewa ɗaya bayan ɗaya. Da bazara kuma, a garuruwa irin Sakkwato da Maiduguri da Yamai inda zafi kan haura digiri 40, kada ka bar ta inda rana ke bugu. Ƙarfe mai zafi yana busar da emolshan tun kafin ka ja. Ka yi shafenka da sassafe ko da dare.

Akwai gargaɗi ɗaya da ya shafi lafiyarka. Idan emolshan ɗinka irin wanda ake haɗawa da garin bikromet ne, mai launin lemo, ka san guba ne. Yana cin fata, yana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji, kuma wurin wanke kota ne hannu ya fi jiƙewa da shi. Kada ka taɓa shi ba safar hannu, kada ruwan wankinsa ya bi inda yara ke wasa ko dabbobi ke sha, kuma soso da bokitin wannan aiki kada su koma cikin gida. Da zarar ka samu hali ka koma mai diyazo, ko wanda ya zo a haɗe ba ya bukatar gari. Mai diyazo, bayan ka haɗa, ka bar shi awa 1 zuwa 2 kumfa ta kwanta kafin ya shiga kota, ka rubuta ranar haɗawa a jikin gwangwanin, domin makonni kaɗan yake yi a ɗaki, a zafinmu ma bai kai haka ba sai an sa shi a firji, ban da wurin ƙanƙara.